Mezzo-soprano ba soprano ce da ta gaza ba

An daɗe ana cewa mezzo-soprano mawaƙiya ce da muryarta ta kasa hawa sama, shi ya sa ake ba ta rawar baiwa ko tsohuwa a wasan opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da kiɗa. Wannan magana tana ɓata mini rai, domin ba haka abin yake ba.

Bambancin mezzo-soprano (mezzo a taƙaice), wato mai matsakaiciyar murya a cikin mata, da soprano, mai muryar da ta fi hawa sama, yana ga kaurin murya da inda ta fi sakewa. Da yawansu suna taɓo sautukan sama, amma ƙarfinsu da zaƙinsu a tsakiya yake. Da aka fara nuna opera mai suna Carmen ta mai tsara kiɗa Bizet a Paris a 1875, mezzo ce, Célestine Galli-Marié, ta fito a matsayin jarumar, kuma har yau yawanci su ke rera ta. Su ne kuma ke sa kayan maza su fito a samari, kamar Octavian a opera mai suna Der Rosenkavalier ta Richard Strauss ta 1911, rawar da wasan gaba ɗaya ya rataya a kanta.

Aikinsu bai tsaya a opera ba. Janet Baker, wata mezzo 'yar Ingila, ta bar dandalin opera a 1982, ta ci gaba da cika zaurukan kiɗa da waƙoƙin masu tsara kiɗa Mahler da Elgar har 1989.