Fasuwod na hannunka ba shi ne izini ba: mi doka ta ce in kana jawo bayanan mutane ta baƙin allo

Wanga rubutu na yi shi ne saboda ƙannenmu da sunka fara koyon harkar rumbun bayanai, musamman waɗanda ke fitowa daga Aliero da Kalgo da poli ta Birnin Kebbi su samu ɗan aiki a asibitin kuɗi ko makaranta ko ƙungiyar manoman shinkafa, oga ya miƙa masu fasuwod ya ce kai ne mai kwamfuta. Daga ranar yaro ya zama sarki. Ya buɗe baƙin allon nan da babu hoto babu maɓallin latsawa sai rubutu, ya buga psql ko mysql ko sqlite3, manhajojin da ake magana da rumbun bayanai da su, ya rubuta SELECT * FROM wani teburi, sai ga sunayen mutane da lambobin wayarsu da unguwanninsu suna zubowa kamar an kwance bakin buhu.

Wani ƙanena da ke riƙe da irin wanga aiki a wani asibiti ya ba ni labari, kawunshi ya same shi da dare ya ce, yaro tunda kai ke riƙe da kwamfutar wurin, duba mani lambar wane, na ji ance can yake kai iyalinshi, bashina yake riƙe da shi tun damana ya sauya layi. Yaron ya ce Allah shi gafarta Kawu wallahi ba ya yiwuwa. Kawu ya ce to mi ka ɗauka, sata na ce ka yi? dubawa kawai za ka yi. To nan ne gizo ke saƙar, don a wurin doka dubawar ita kanta aiki ce.

Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yuni 2023, ita ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, da Dr Vincent Olatunji ke shugabanta. Kafin ita akwai ƙa'idar NDPR da hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA ta fitar a 2019, amma waccan ƙa'idar hukuma ce, wagga kuwa doka ce ta majalisa. Kuma tushenta yana cikin tsarin mulkin 1999 sashe na 37 da ya ba ɗan ƙasa haƙƙin sirri. A sashe na 65 inda anka fassara kalmomi, abin da dokar ke kira sarrafa bayanai ya haɗa da tattarawa da ajiyewa da gyarawa da gogewa, ya kuma haɗa da jawo bayani daga ma'ajiya da duba shi da bayyana shi ga wani. Ke nan layi guda na SELECT da ka buga ka danna enta, ko ba ka kwafi komai ba ko ba ka canza harafi ɗaya ba, ka sarrafa bayanan mutum, kuma ana iya tambayarka da wane dalili.

Dalilan da doka ta yarda da su suna sashe na 25. Ko mai bayanin ya amince, ko ana bukatar abin don cika wata yarjejeniya da shi, ko wata doka ta wajabta, ko don ceton rai, ko aikin al'umma da hukuma ta ɗora maka, ko kuma wata halattacciyar bukata ta ma'aikatar wadda ba ta danne haƙƙin mai bayanin ba. Duba da kyau ka gani ko bashin Kawu ya shiga ɗaya daga ciki. Bai shiga ba. Haka wanda zai ce ma ka nemo mashi lambar yarinyar da ya gani a layin karɓar magani, shi ma da niyyar aure ya zo wai, amma ita ba don ta samu miji ta ba da lambarta ba, don a kira ta in sakamakon gwaji ya fito ne.

Wanga batu na manufa shi ne zuciyar sashe na 24. Abin da anka karɓa don wani abu, ba a juya shi zuwa wani abu daban da bai dace da na farko ba. Sannan a ɗauki iya abin da ake bukata kawai. Ni a ganina nan ne masu baƙin allo sunka fi kowa faɗawa rami ba tare da sun sani ba, saboda tauraron nan da ke gaban SELECT. Tauraro yana nufin kawo mani komai. Oga ya ce yana son sanin mutum nawa sunka zo daga Jega a watan jiya, amsar lamba ɗaya ce, COUNT mai ƙirgawa da WHERE mai ware layin da kake so sun wadatar, amma don lalaci ko don saba hannu sai ka jawo teburin gaba ɗaya da suna da shekaru da irin cutar kowa, ka zauna kana gungurawa kana cewa au ashe wance ma tana zuwa. A manhaja mai hoto wanda ya gina ta ya riga ya rufe wasu ƙofofi, mai karɓar kati ba ya ganin abin da likita ke gani. A baƙin allo in da asusun admin ka shiga babu ƙofa ko ɗaya, kai da amanarka ne kawai.

Kuma ba duka bayanai ne daidai ba. Akwai waɗanda doka ta ware ta ce masu tsananin sirri ne, sashe na 30 ya ƙara masu tsaro: lafiyar mutum, addininshi, ƙabilarshi, ra'ayinshi na siyasa, zanen yatsa da makamantansu. Garinmu kowa ya san kowa. Fayil guda da ya nuna wa ke karɓar maganin wace cuta in ya shiga guruf ɗin WhatsApp na unguwa, aure na iya mutuwa kafin la'asar. Bayanan yara su ma, inda ake bukatar amincewa, ta iyaye ko mai riƙo ake nema.

Sai batun fitar da bayani waje, wanda ya fi dubawa haɗari. A psql akwai \copy da ke zuba sakamako cikin fayil na CSV, akwai pg_dump da mysqldump da ke kwashe rumbun dukanshi. Da yawa ba da mugun nufi suke yi ba, mutum na son ya ƙarasa aiki a gida saboda wuta ta ɗauke a ofis, sai ya kwashe a fulash ko ya tura wa kanshi ta WhatsApp. Fulash ɗin ya faɗi a kan kabu-kabu tsakanin ofis da Badariya, ko ya kai laftof wurin mai gyara da fayil ɗin a kan fuskar allo. A doka wanga ɓallewar bayanai ne ko da babu wani ɗan kutse a ciki. Sashe na 40 ya ce in ɓallewar na iya jefa haƙƙin mutane cikin haɗari, ma'aikatar da ke da alhakin bayanan ta sanar da NDPC cikin awa 72 daga lokacin da ta sani, in haɗarin babba ne a sanar da su masu bayanan kansu nan take. Awa 72 kwana uku ne. In ka ɓoye wa oga don tsoron faɗa har sati ya wuce, ka ƙara wa wurin aikinka matsala kan matsala.

Tarar fa? Sashe na 48 ya raba gida biyu. Manyan masu riƙe bayanai ana iya cin su har naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da sunka samu a shekarar da ta gabata, wanda ya fi yawa a ciki. Sauran kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari, nan ma wanda ya fi yawa. Kar ka ce a takarda kawai take, a watan Agustan 2024 hukumar ta sanar da tarar naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity, a Yulin 2025 kuma ta sanar da ta sama da miliyan 766 a kan Multichoice masu DStv. Dokar ta kuma ce ma'aikata na ɗaukar alhakin abin da ma'aikacinta ya yi a cikin harkar aikinta, wanda anka cuta kuma yana da damar kai ƙorafi hukumar ko ya nufi kotu neman diyya. Wani zai ce to ai kamfani za a ci ba ni ba. Ɗan'uwa, ogan da ya biya tara saboda kai, kana jin gobe zai ce ma sannu da aiki?

Balle ma akwai doka ta biyu da ke kallon ka kai kanka, dokar laifukan intanet ta 2015 da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, anka yi mata gyara a 2024. Sashe na 6 yana magana kan shiga kwamfuta ko hanyar sadarwa ba da izini ba. Farkon sashen an rubuta shi a ƙuntace, yana maganar wanda ya shiga da niyyar zamba ya samo bayanan da sunka shafi tsaron ƙasa, hukuncin har shekara 5 ko tarar har miliyan 5 ko duka biyu, in kuma da niyyar kwasar bayanai ko sirrin kasuwanci ne ya haura har shekara 7 ko miliyan 7. A cikin sashen akwai hukunci ga mai fataucin fasuwod. Sashe na 16 kuwa ya fi kusa da mu: canza bayanan da ke cikin kwamfuta da gangan ba tare da halattaccen izini ba, har shekara 3 ko tarar har miliyan 7 ko duka. Wanda ya shiga ta baƙin allo ya buga UPDATE ya mai da 39 ta koma 60 a sakamakon ɗan ƙanwarshi, ko ya goge bashin abokinshi daga teburin ƙungiya, ga sashenshi nan.

A lura da kalmar gangan. Kuskure daban ne. Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san sanyin da ke ratsa jiki in ka buga UPDATE ko DELETE ka manta WHERE, allo ya ce ma an taɓa layi dubu kaza alhali ɗaya kake nufi. Wanga ba laifin sashe na 16 ba ne tunda ba niyya, amma ta ɓangaren dokar kare bayanai lalata bayanan mutane ko ɓatar da su ko da bisa kuskure yana cikin abin da ake kira ɓallewa, kuma sashe na 39 ya ɗora wa ma'aikata ta yi tanadin kariya tun kafin abin ya faru. Shi ya sa nake gaya wa yara su fara da BEGIN don kar canjin ya zauna nan take, su duba, in ba daidai ba su buga ROLLBACK ya mai da komai yadda yake. Masu mysql ma suna da --safe-updates da ke ƙin yin gyara ko gogewa in ba ka fayyace layin ba, kuma wani sunanta na biyu a manhajar shi ne --i-am-a-dummy, wato ni wawa ne. Ni dai ban ga abin kunya ba, ina kunna ta.

Akwai sashe na 31 na dokar ta 2015 da mutane ba su cika sani ba. Ma'aikaci na gwamnati ko na kamfani in ya bar aiki wajibi ne ya miƙa duk fasuwod da damar shiga nan take. Riƙe su ba da halattaccen dalili ba na iya jawo shekara 3 ko tarar miliyan 3 ko duka. Na san yadda abin yake, an riƙe ma albashin wata uku, zuciya na ce ma ka riƙe makullin sai sun biya. Haƙƙinka ne ka bi kuɗinka, amma ta kotu ko sasanci, don dokar ma cewa ta yi ana iya ɗaukar ƙin miƙawar a matsayin garkuwa da wanda ya ɗauke ka aikin. Haka ɗan bautar ƙasa da ya gama ya koma gida, asusunshi na nan ba a rufe ba, ya riƙa leƙawa daga nesa yana ganin ko abin na aiki. Izinin ya ƙare ranar da aikin ya ƙare ko da ƙofar na buɗe.

Masu ganin baƙin allo ba ya barin sawu kuwa, yana bari har ya yi yawa. psql na ajiye abin da ka buga a .psql_history, mysql a .mysql_history, shi kanshi bash, manhajar baƙin allon, yana da .bash_history, ita sabar ma in an kunna mata rajista tana rubuta wa ya tambayi mi da ƙarfe nawa. Wanga sawu kaifi biyu gare shi, yana kama mai laifi yana kuma wanke mai gaskiya, amma sai in kowa da asusunshi. Inda mutum biyar ke shiga da babban asusun root ɗaya da fasuwod ɗaya da anka rubuta a bayan kalanda, ranar da abu ya ɓaci ƙaramin cikinku za a nuna. Kuma shi fayil ɗin tarihin, in ka saba buga fasuwod a jikin umarnin ko kana neman mutane da sunansu da lambar NIN, duk suna nan kwance a fili ga wanda ya zauna kujerarka bayanka. mysql da kanta tana gargaɗi in ka sa fasuwod a layin umarni.

Abin da na gaya wa ƙanen nawa shi ne ya roƙi oga a buɗe mashi asusu na kanshi da GRANT SELECT, wato izinin dubawa, kan teburan da aikinshi ya shafa kawai, na admin a ajiye sai ranar bukata, kuma duk wanda ya ce a jawo mashi bayanan wani, ko da oga ne, ya rubuto ko da saƙon tes ne ya faɗi dalili. Ogan ya ɗan yi tsaki da farko ya ce yaran zamani da iyayi, daga baya ya yarda. Kawu kuwa har yanzu in sun haɗu a masallaci gaisuwar a taƙaice take, lambar mai bashin ma a kasuwar Jega ya samo ta wurin wani dillalin albasa.