Waiwaye: Wasiyyar da Elijah Cummings ya kai zauren majalisa

Ranar 6 ga Fabrairun 2019, a zaman kwamitin sa ido na Majalisar Wakilan Amurka, shugaban kwamitin, Elijah Cummings, ya ba da labarin mahaifiyarsa. A cewarsa, tsohuwar ta rasu tana da shekara 92. Da ƙuruciya ita da maigidanta sun yi noman kashi-mu-raba a jihar Carolina ta Kudu, gona ta wani, wahala tasu. Ya ce maganar ƙarshe da ta yi masa ba ta ban-kwana ba ce, cewa ta yi kada ya bari a ƙwace musu ƙuri'arsu.

Wanda bai san tarihin ba zai ce me ya yi zafi haka. Tun 1870 aka gyara kundin tsarin mulkin ƙasar, aka hana tauye wa mutum zaɓe saboda launin fatarsa. A takarda ke nan. Jihohin kudu sai suka canza salo: harajin zaɓe, jarrabawar karatu wadda jami'in rajista ne ke yanke wa ya ci wa ya faɗi, ga barazana ga duk baƙar fatar da ya nace. Aka kwashe kusan shekara ɗari ana wannan wasan, har zuwa Maris na 1965 da 'yan sanda suka lakaɗa wa masu tattaki duka a gadar Selma ta jihar Alabama, duniya na kallo a talabijin. Ranar 6 ga Agustan shekarar Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a Dokar 'Yancin Zaɓe.

Ƙashin bayan dokar shi ne sashe na 5. Jihar da ta yi ƙaurin suna wajen wariya ba ta da ikon taɓa ƙa'idar zaɓe, ko da sauya wurin rumfa ne, sai ta nemi izini daga Washington. A 2006 Majalisar Dattawa ta sabunta dokar da ƙuri'a 98, ba ko ɗaya da ya ƙi. Shekara bakwai bayan haka Kotun Ƙoli, da alƙalai 5 a kan 4, ta soke ma'aunin da ake tantance waɗannan jihohi da shi, a shari'ar gundumar Shelby. Sashe na 5 yana nan a rubuce, amma an zare masa haƙora. A ranar da aka yanke hukuncin Texas ta sanar cewa za ta fara aiki da dokarta mai tsauri ta nuna katin shaida.

Cummings ya shiga majalisar tarayya a 1996 daga birnin Baltimore, bayan ya yi shekara goma sha uku a majalisar jihar Maryland. Yana da tabo a fuska tun yana ɗan shekara 11, lokacin da aka jefe shi da kwalba don shi da wasu yara baƙaƙe sun shiga wurin ninƙayar da fararen fata suka ɗauka nasu ne. Kwamitin da ya yi suna a cikinsa aikinsa bin diddigin gwamnati ne: ina kuɗi suka tafi, wa ya ba da umarni, ina takardar. Ba kullum ake rabuwa lafiya ba. A Maris na 2014 shugaban kwamitin na lokacin, Darrell Issa na jam'iyyar Republican, ya sa an kashe masa makirufo yana tsakiyar magana. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, bayan wata biyu kacal Shugaba Obama ya sa hannu a dokar DATA, wadda mutanen nan biyu suka ɗauki nauyinta tare, mai tilasta wa hukumomin tarayya wallafa abin da suke kashewa a tsari guda da kowa zai iya dubawa a intanet.

Da shugabancin kwamitin ya faɗo hannunsa a Janairun 2019, sai ya ɗauki rumfar zaɓe a matsayin wani ofishin gwamnati da ya kamata a binciki littattafansa. Ya nemi takardu daga Georgia, inda Brian Kemp ya yi takarar gwamna a 2018 alhali shi ne jami'in da ke kula da zaɓen jihar, ga rajistar mutum kusan 53,000 an jingine ta saboda bayanansu ba su yi daidai harafi da harafi da na kundin hukuma ba. Ya kuma waiwayi Dodge City ta jihar Kansas. Gari ne da akasarin mazaunansa 'yan asalin Latin Amurka ne, a zaɓen 2018 masu rajista kimanin 13,000, rumfa guda ɗaya tak. Ita ɗin ma aka ɗauke ta aka kai bayan gari, tafiyar fiye da mil guda daga tashar bas mafi kusa. Babu wanda ya ce wa kowa kada ya yi zaɓe. Ma'aikacin mayanka da ba shi da mota shi zai lissafa ko zai iya.

Ƙudirin da ake tattaunawa ranar da ya ambaci mahaifiyarsa, H.R. 1, ya tanadi yi wa 'yan ƙasa rajista kai tsaye da faɗaɗa damar kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe. Ya wuce a Majalisar Wakilai cikin Maris da ƙuri'a 234 a kan 193. 'Yan Republican suka ce tarayya ce ke son ƙwace hurumin jihohi, kuma jagoransu a Majalisar Dattawa, Mitch McConnell, bai ko kawo shi zaure ba.

Cummings ya rasu ranar 17 ga Oktoban 2019 yana da shekara 68. Har a gadon jinya an kai masa takardun sammaci ya sa hannu. Shi ne ɗan majalisa baƙar fata na farko da aka ajiye gawarsa a ginin majalisar don karramawa ta ƙasa. A 2021 Majalisar Wakilai ta sake amincewa da ƙudirin, ya sake maƙalewa a hannun dattawa.