Waiwaye: Fim ɗin Harold and Maude, da daraktan da ya san darajar jira

A ranar 20 ga Disamba, 1971, kamfanin Paramount ya saki wani ƙaramin fim mai suna Harold and Maude a gidajen sinima na Amurka. Tun asali gurbin ba nasa ba ne. An tanadi hutun Kirsimetin wannan shekara domin fim ɗin The Godfather, sai aikinsa ya ja lokaci, aka rasa abin cike gurbi, aka tura wannan ba tare da wani tallan kirki ba. Masu sharhi suka yi masa ca. Mujallar Variety ta kwatanta nishaɗin da ke cikinsa da na gidan marayu da gobara ke ci. Roger Ebert ya ba shi tauraro ɗaya da rabi cikin huɗu, Vincent Canby na jaridar New York Times ma bai raga masa ba. Kafin a ankara an sauke shi daga yawancin gidajen kallo.

Sai a 1983, bayan shekara 12, fim ɗin ya mayar da kuɗin da aka kashe masa har ya fara kawo riba. A 1997 ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin fina-finan da ƙasa za ta adana, a shekarar 2000 kuma Cibiyar Fina-finai ta Amurka ta ba shi lamba 45 a jerin fina-finan ban dariya 100 da suka fi fice. Abin da ya faru tsakanin faɗuwar da tashin shi ne ya sa nake son labarin nan.

Ga abin da ya tsorata mutane. Harold saurayi ne da bai wuce shekara 20 ba, ɗan gidan masu hannu da shuni, ba shi da aboki, ba shi da sana'a. Abu biyu yake yi da rayuwarsa: halartar jana'izar mutanen da bai sani ba, da shirya wasan mutuwar ƙarya a gida domin uwarsa ta kalle shi. Ita kuwa ta saba har ta daina ɗaga kai. A wata fitowa yana yashe a saman ruwan kwamin wanka kamar gawa, ta shigo ta yi ninƙayarta ta wuce ta gefensa. Da ta saya masa tsaleliyar mota ƙirar Jaguar, sai ya ɗauko abin walda ya mayar da ita motar ɗaukar gawa. A wajen wata jana'iza ya haɗu da Maude, tsohuwa mai shekara 79, wadda ke ɗaukar motar duk wanda ta ga dama ta tuƙa, ta kuma tono bishiyar da hayaƙin gari ke kashewa a bakin titi ta kai ta daji ta dasa. Abota ta ƙullu, ta zama soyayya, har Harold ya ce ita zai aura. A 1971 babu mai sayar da tikiti da ya san yadda zai rubuta wannan a jikin allo.

Colin Higgins ne ya rubuta labarin, a matsayin aikin kammala digirinsa na biyu a sashen fim na jami'ar UCLA da ke Los Anjalis. Yana aikin share kwamin wanka da tuƙi a gidan furodusa Edward Lewis, matar gidan, Mildred Lewis, ta karanta rubutun ya burge ta, ta haka ya isa Paramount. Higgins ya so ya ba da umarni da kansa, kamfanin ya gwada shi bai gamsu ba, sai aka nemo Hal Ashby.

An haifi Ashby a 1929 a garin Ogden na jihar Utah. Iyayensa sun rabu yana ƙarami, kuma yana ɗan shekara 12 mahaifinsa ya kashe kansa. Duk wanda ya san wannan ba zai ƙara kallon wasannin Harold da ido ɗaya ba. Mutumin da ya tsaya bayan kyamara yana tsara su ya san abin da irin wannan mutuwa ke bari a gida, shi ya sa dariyar fim ɗin ba ta taɓa zama izgili ga mai baƙin ciki. Bai gama sakandare ba ya bar gida ya nufi Kalifoniya, ya yi ƙananan ayyuka barkatai, ya samu shiga kamfanin Universal a matsayin mai buga takardu da inji, daga nan ya lallaɓa ɗakin editoci. Shekaru ya yi yana yaron edita kafin darakta Norman Jewison ya ɗauke shi. Aikin yanka da haɗa hoton In the Heat of the Night na 1967 ya kawo masa kyautar Oscar. Jewison ne kuma ya miƙa masa fim ɗinsa na farko a matsayin darakta, The Landlord, a 1970, lokacin ya haura shekara 40.

Ko a Holiwud ta wancan zamani Ashby daban yake. Gemu buzu-buzu, gashi har kafaɗa, magana a hankali, tabar wiwi ba ta nisa da shi, aure biyar ya yi a rayuwarsa. Idan aiki ya kama shi yakan tare a ɗakin haɗa hoto, can zai kwana can zai tashi. A wajen ɗaukar fim ba ya daka wa jarumi tsawa, ba ya cika gaya masa yadda zai yi. Yakan bar kyamara tana juyawa, ya tara hoto mai yawa, saboda ya yarda cewa a teburin edita ake samo fim. Ya ma leƙo a Harold and Maude na ɗan lokaci: shi ne mai gemun nan da ke tsaye yana kallon jiragen ƙasa na wasan yara a filin shaƙatawa.

Hannun edita ya fi fitowa a wuri biyu, kuma su ne nake komawa in kalla. Na farko, Harold da Maude suna zaune a filin da ya cika da fararen furanni. Harold ya ce shi da zai zama fure, irin waɗannan zai zama, tunda duk ɗaya suke. Maude ta nuna masa cewa kowanne da kamarsa, wani gajere, wani ya karkata, wani ya rasa ganye. Ashby bai ƙara ko kalma ba. Ya yanka kai tsaye zuwa maƙabartar sojoji, kyamara tana ja da baya, fararen duwatsun kaburbura sun jeru sahu-sahu har ƙarshen gani, sun yi kama da furannin ɗazu. A lokacin ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, kuma samarin da ke zaune a sinima sun san takardar kiran soja za ta iya iske su gobe.

Na biyu ya fi wannan gajarta. Suna zaune da yamma a bakin ruwa, Harold ya riƙe hannun Maude, idonsa ya faɗa kan wata lamba da aka zana a fatar damtsenta, irin wadda 'yan Nazi suka riƙa yi wa fursunoni a sansanin Auschwitz. Hoton bai fi ƙiftawar ido ba. Harold bai tambaya ba, ita ba ta yi bayani ba, sai ma ta nuna masa tsuntsaye suna shawagi. Wani daraktan da ya tsaya nan ya sa kiɗa mai sosa rai, ya ba tsohuwar dogon jawabi. Ashby ya bar mai kallo ya haɗa da kansa: wannan matar da ke rawa tana satar motoci ta fito daga inda aka kashe miliyoyi, son rayuwarta kuma da tsada ta saye shi. Da yawa ba sa lura da lambar a kallon farko. Ina ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa fim ɗin ya zama na masu maimaita kallo.

Jaruman ma sun taimaka. Ruth Gordon, wadda aka haifa a 1896, ta riga ta ci Oscar da Rosemary's Baby kafin ta zama Maude. Bud Cort, wanda ya fito a Harold, ya zo ne daga hannun darakta Robert Altman, da farar fuskarsa da manyan idanu kamar wanda bai taɓa shiga rana ba. Akwai inda Harold ya gaya wa Maude asalin abin: wata rana sinadarai suka fashe a ɗakin gwaji na makarantarsu, 'yan sanda suka zo gida suka ce wa uwarsa ya mutu, shi kuma yana laɓe yana kallo ta zube a hannunsu. Ranar ce kaɗai ya ga alamar ya dame ta. Cort ya faɗi wannan yana kuka, kuma daga nan fim ɗin ya daina zama na yaro mai shirme.

Sai waƙoƙin Cat Stevens, mawaƙin Ingila da ya musulunta a 1977 ya koma Yusuf Islam. Ashby ya riƙa ɗora waƙoƙinsa a kan hotunan da ake ɗauka kullum don ya ji yadda za su zauna, har suka zama jinin fim ɗin. Stevens ya rubuta sababbi guda biyu musamman dominsa, waɗanda ba su fito a wani faifai ba sai a 1984. Shekara 13 ke nan wanda ke son jin su sai ya sayi tikiti.

Akwai inda na rabu da fim ɗin, kuma ba zan ɓoye ba. A daren da Maude ta cika 80 ta yanke wa kanta ranar barin duniya, labarin kuma ya nuna abin kamar cikar tsari. Ban yarda da wannan ba. Matar da ta kwashe kwanaki tana koya wa yaro cewa rai abin riƙewa ne bai kamata ta saki nata a gabansa ba. Abin da ya rage mini shi ne yadda Ashby ya ɗauki abin da ya biyo baya: ihun Harold, gudun motar asibiti, dogon jira a baranda, duk a yanke gutsi-gutsi ƙarƙashin waƙa, babu ado ko kaɗan. Yaron da ya yi ta wasa da mutuwa ya gamu da ta gaske, kuma ba ta yi masa kyau ba. Ɗan shekara 12 ɗin nan na Ogden ne ya haɗa wannan wurin.

To, ya aka yi fim ɗin ya tashi? Masu ƙananan gidajen sinima ne da ɗaliban jami'a. A unguwar Edina da ke gefen Minneapolis, wani gidan kallo mai suna Westgate ya fara nuna shi a 1972, bai sauke ba sai a 1974, sama da shekara biyu a jere, nuni 1,957. Ruth Gordon da Bud Cort sun je da kansu bikin zagayowar shekara. Maƙwabta har sun fito da kwalaye suna zanga-zangar a canja musu fim. Babu talla, baki ne kawai: wanda ya kalla ya jawo abokinsa, abokin ya dawo da budurwarsa. A wancan zamani babu kaset ɗin bidiyo a gidaje, saboda haka gidajen da ke maimaita tsofaffin fina-finai a garuruwan jami'a su ne ma'ajiyar duk abin da manyan kamfanoni suka yar. A Faransa kuma Higgins ya mayar da labarin wasan daɓe, Jean-Claude Carrière ya juya shi zuwa Faransanci, Madeleine Renaud ta fito a Maude daga 1973, ya karɓu ƙwarai. Da aka kai wasan Broadway, babban dandalin wasan daɓe na New York, a 1980, sau huɗu aka yi aka rufe. Labarin nan bai taɓa yin kasuwa a babban dandali ba.

Shi kuwa Ashby, shekarun 1970 nasa ne. The Last Detail a 1973, Shampoo a 1975, Bound for Glory a 1976, Coming Home a 1978 wanda ya ba Jane Fonda da Jon Voight kyautar Oscar, sai Being There a 1979 da Peter Sellers. Daraktoci kaɗan ne suka taɓa jera irin wannan.

Daga nan zamani ya juya masa baya. Kamfanoni suka koma hannun masu lissafi da lauyoyi, suka daina haƙuri da mutumin da zai shafe watanni yana juya hoto ɗaya. Maganar shaye-shayensa ta bazu, ta zama hujja a hannun duk mai son ture shi. Ya yi rigima da kamfanin Lorimar, rigimar ta sa fim ɗin Tootsie ya suɓuce masa. A fim ɗinsa na ƙarshe, 8 Million Ways to Die na 1986, ana gama ɗauka aka sallame shi aka ba wasu su haɗa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo a tarihinsa: mutumin da ya ci Oscar da aikin edita, wanda duk hikimarsa a teburin nan take, shi aka hana shiga ɗakin. Ya rasu ranar 27 ga Disamba, 1988, a Malibu, da ciwon daji, yana da shekara 59. Colin Higgins ya riga shi da 'yan watanni a wannan shekarar, Ruth Gordon kuma tun 1985. Dukansu uku sun rayu sun ga fim ɗin ya fara riba.

Cikin fina-finan da aka karɓe masa akwai Lookin' to Get Out na 1982, wanda Jon Voight ya fito a ciki kuma ya taya rubutawa. Wanda aka kai sinima ba haɗin Ashby ba ne, kuma ya faɗi. Ashe kafin rasuwarsa ya sake haɗa fim ɗin yadda yake so, ya kai kwafin ma'ajiyar fina-finai ta UCLA, jami'ar da Higgins ya rubuta Harold and Maude, ya ajiye shiru. Nick Dawson, marubucin tarihin rayuwarsa, shi ya kai wa Voight labari. Voight ya je ya kalla, ya ga hannun abokinsa a kowace yanka, ya tsaya sai da aka fitar da shi a faifan DVD a 2009, shekara 21 bayan rasuwar Ashby.