Rangwamen Harajin Gidan Zama a Jihar Florida

Rangwamen harajin gidan zama sassauci ne da Jihar Florida ta Amurka take yi wa wanda ya mallaki gida kuma yake zaune a cikinsa dindindin. Ana zare wani kaso daga darajar gidan, sannan a yanka haraji a kan abin da ya rage. An shigar da shi kundin tsarin mulkin jihar a 1934, lokacin da tattalin arziki ya karye, bashin haraji yana raba mutane da gidajensu. Dala 5,000 ake zarewa a wancan lokaci. Gyaran 1980 ya kai shi dala 25,000, a 2008 kuma aka ƙara wasu 25,000, sai dai wannan ƙarin bai shafi kason harajin gida da ake ba makarantu ba.

Sharaɗin shi ne mutum ya kasance mai gidan kuma mazauninsa a ranar 1 ga Janairu, ya kai takardar nema ofishin jami'in kiyasta kadarori na gundumarsa zuwa 1 ga Maris.

Abin da ya fi rangwamen kansa tasiri shi ne dokar Save Our Homes, wadda masu zaɓe suka amince da ita a 1992, ta fara aiki a 1995. Ta hana darajar da ake yanka wa gidan zama haraji hawa fiye da kashi 3 cikin ɗari a shekara, ko gwargwadon hauhawar farashi idan bai kai haka ba. Wannan ya rufa wa tsofaffi masu cin fansho asiri ƙwarai. Amma akwai inda gizo ke saƙa: da zarar an sayar da gida, sai a sake kiyasta shi a farashin kasuwa. Sai ka ga maƙwabta biyu, gini iri ɗaya, katanga ɗaya ta raba su, wanda ya tare bana yana biyan ninkin abin da tsohon mazauni ke biya. Gidajen haya ba su da wannan rangwame, nauyin kuwa a ƙarshe kan ɗan haya yake sauka.

Florida ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga ɗaiɗaikun mutane, kundin tsarin mulkinta ma ya hana. Shi ya sa wasu mazauna jihohi irin su New York suke sayen gida a can, su ce nan ne mazauninsu. Don tantance gaskiya, doka ta ba jami'i damar duba lasisin tuƙi, rajistar zaɓe, makarantar da yara ke zuwa, da adireshin da mutum ya rubuta a takardar harajinsa ta gwamnatin tarayya. Wanda aka kama ya ci rangwamen da gangan ba bisa haƙƙi ba, ana iya bin sa bashin harajin har na shekara 10, da tarar kashi 50 cikin ɗari, da kuɗin ruwa kashi 15 a kowace shekara, kuma a ɗora bashin a kan gidan.