Shekarar kuɗi: tambayoyin da mutane ke yawan yi

Wai mi ake nufi da shekarar kuɗi?

Wata 12 ne da kamfani ko gwamnati ke warewa, ranar ƙarshe a rufe littafi a duba nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ake bi bashi, wa ke bin mu. Kuma ba dole ta fara ga Janairu ba.

To mu nan Najeriya yaushe take farawa?

1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, tarayya da jihohi duka har Sakkwato. Da can Afrilu zuwa Maris muke yi irin na Ingila, zamanin Shagari aka canza. Amurka kuwa 1 ga Oktoba suke farawa su rufe ƙarshen Satumba.

In haka ne mi ya sa bajet ke latti?

Ai wanga shi ne ciwon. Shekara ta shiga amma majalisa da fadar shugaban ƙasa suna ta ja-in-ja, na 2018 sai watan Yuni aka sa mai hannu, ka ga rabin shekara ya tafi, ɗan kwangila bai ga kobo ba ga damina ta sauka, aikin hanya sai dai a jira rani. Na 2020 ne Buhari ya sa wa hannu tun Disambar 2019 don a dawo kan tsari.

Kamfani fa, shi ke zaɓa?

Eh, yawanci kowa na zaɓen watan da ya dace da harkarshi, daga nan yana da wata 6 ya kai lissafi hukumar haraji ta tarayya. Banda bankuna, tun 2009 CBN, wato Babban Bankin Najeriya, ta ce kowa ya rufe 31 ga Disamba, don da wani banki kan ranto kuɗi wajen ɗan'uwanshi dab da rufe littafi ya nuna kamar yana da ƙarfi.

Ni mai shago a tsohuwar kasuwa, ina ruwana?

Alhaji ai kana yi ma tuntuni. Ranar da kake ƙirga kaya da kuɗin hannu don fidda zakka, kashi 2.5 cikin ɗari in dukiya ta kai nisabi ta shekara, rufe littafi kenan. Mai albasa da ke ajiya a rudu kuwa gara ya rufe bayan ya saida ajiyar, in ya yi lissafi tana jibge bai san nawa za ta ruɓe ba. Sai dai a kula, shekarar Hijira ta gaza ta Bature da kamar kwana 11, saboda haka ranar zakkarka za ta riƙa zowa da wuri duk shekara, ta haraji kuwa tana nan inda take.