Ivan Zajec da mutum-mutumin da ya tayar da ƙura a Ljubljana

Wane ne Ivan Zajec?

Mai sassaƙa ne ɗan ƙasar Sulobeniya, wanda aka haifa a birnin Ljubljana a shekarar 1869, lokacin da ƙasar take ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari. Sana'ar gadonsa ce, domin mahaifinsa, Franc Ksaver Zajec, shi ma mai sassaƙa ne. Bayan ya koyi aiki a gida, sai ya tafi makarantar fasaha ta Biyana, babban birnin Ostiriya, ya ƙaro ilimi.

Wane aiki ne ya fito da sunansa?

Mutum-mutumin tagulla na France Prešeren ne, babban mawaƙin Sulobeniyawa da ya rasu a 1849, wanda daga waƙarsa aka ɗauko taken ƙasar na yau. An buɗe shi ranar 10 ga Satumba, 1905, a dandalin da yanzu ke ɗauke da sunan mawaƙin, kuma masanin zanen gine-gine Max Fabiani ne ya tsara dakalin da aka ɗora shi a kai. Mawaƙin yana tsaye riƙe da littafi, yana fuskantar gidan da Julija Primic ta zauna, matar da ya yi ta begenta a waƙoƙinsa bai same ta ba. A bisa kansa kuwa wata mace ce zaune, alamar baiwar waƙa, ta miƙa reshen ganye.

To, me ya jawo ce-ce-ku-ce?

Macen nan ce, domin Zajec ya bar ƙirjinta a buɗe, ga shi kuma dandalin yana daf da ƙofar wani babban coci. Bishop Anton Bonaventura Jeglič ya rubuta wa magajin gari Ivan Hribar takardar ƙorafi, amma ba a taɓa siffar macen ba. Ta ɓangaren fasaha ma aikin bai tsira ba, don wasu marubuta sun ce salonsa tsohon yayi ne. A ganina sukar tana da ƙanshin gaskiya, sai dai jama'ar gari ba su damu ba: gindin mutum-mutumin ya zama wurin da ake yin alƙawarin haɗuwa.

Yaya rayuwarsa ta kasance bayan haka?

Ya zauna a Faris da Rum, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Italiya ta tsare shi a tsibirin Sardiniya. Da ya koma gida sai ya shiga koyarwa a Ljubljana. A 1950 aka ba shi lambar yabo ta Prešeren, mai ɗauke da sunan mawaƙin da ya sassaƙa, ya kuma rasu a 1952.