Kwatanta gwanayen ƙwallon ƙafa na zamani daban-daban

Kwatanta gwanayen ƙwallon ƙafa na zamani daban-daban shi ne ƙoƙarin auna ɗan wasa ko ƙungiya da wasu waɗanda ba su taɓa karawa da su a fili ba, saboda shekarun da ke tsakaninsu. Muhawarar da ta fi shahara a wannan fanni ita ce ta Pelé na Brazil da Diego Maradona da Lionel Messi na Ajantina, kuma ana tafka ta a jaridu da gidajen rediyo kamar yadda ake tafka ta a majalisun matasa da gidajen kallon ƙwallo. Abin da ya hana ta ƙarewa shi ne wasan kansa ya sha sauya kama, tun daga dokokinsa har zuwa yadda ake ajiye lissafinsa.

Dokoki su ne kan gaba. A shekarar 1925 aka sassauta dokar satar gida, aka rage adadin abokan hamayyar da dole su kasance tsakanin mai kai hari da layin raga daga uku zuwa biyu. Nan da nan ƙwallaye suka yawaita a Ingila, kuma a kakar 1927 zuwa 1928 Dixie Dean na Everton ya zura 60 a babbar gasar ƙasar, adadin da ya yi wa 36 ɗin da Erling Haaland ya ci a kakar 2022 zuwa 2023 fintinkau. Haka abin yake a gasar cin kofin duniya. A 1954 an ci ƙwallo 140 a wasa 26 kacal, amma a Italiya a 1990 wasa 52 aka buga ba a samu fiye da 115 ba. Wannan ƙarancin yana cikin dalilan da suka sa a 1992 aka hana mai tsaron raga kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya mayar masa da ƙafa, domin kafin nan ƙungiyar da ke gaba takan yi ta mayar wa golanta ƙwallo yana rungumewa har lokaci ya ƙare. Wanda ya jera ƙwallo 13 da Just Fontaine na Faransa ya ci a wasa shida a 1958 da 16 da Miroslav Klose na Jamus ya tara a gasa huɗu daga 2002 zuwa 2014, ba tare da la'akari da wannan bambanci ba, ya haɗa awo biyu da mudunsu ba ɗaya ba ne.

Batun keta ya fi ɗaukar hankalin masu goyon bayan mazan jiya. A gasar cin kofin duniya ta 1966, a filin Goodison Park na Ingila, ɗan bayan Portugal João Morais ya kwashe ƙafar Pelé sau biyu a jere, alƙalin wasa bai kore shi ba, kuma da yake a lokacin babu canji a gasar, Pelé ya ƙarasa wasan yana ɗingishi, aka ci Brazil 3 da 1 aka fitar da ita tun a zagayen rukuni. Sai a gasar 1970 aka fara amfani da katin gargaɗi da jan kati, aka kuma yarda da canjin 'yan wasa biyu, alhali yanzu biyar ake yi. Maradona ma bai tsira ba, domin a watan Satumba na 1983 Andoni Goikoetxea na Athletic Bilbao ya karya masa idon sawu lokacin yana Barcelona. Masu wannan ra'ayi suna ƙara da cewa ƙwallon fata ta dā takan sha ruwa ta yi nauyi, filayen kuma sukan zama taɓo da damina. Masu kare 'yan zamani kuwa suna amsawa da cewa wasan yau ya fi sauri, 'yan baya sun fi horo da tsari, kuma mai riƙe da ƙwallo ba ya samun sararin da ake samu a dā. Hujjojin biyu duk suna da tushe, sai dai babu hanyar gwada su.

Lissafin ƙwallaye shi ma bai tsira daga gardama ba. Ana danganta wa Pelé ƙwallo sama da 1,280, amma ɗaruruwa daga ciki a wasannin sada zumunta ya ci su, lokacin da ƙungiyarsa Santos ta Brazil take yawon duniya tana neman kuɗi, tana karawa har da manyan ƙungiyoyin Turai. Da Messi ya wuce ƙwallo 643 a Barcelona a watan Disamba na 2020, aka ce ya karya tarihin Pelé na cin ƙwallo a ƙungiya ɗaya, sai Santos ta fito ta ce a littafinta ƙwallayen da Pelé ya ci mata 1,091 ne, ba 643 ba. Irin haka ta faru a 2012, sa'ad da Messi ya ci 91 cikin shekara guda ya zarce 85 na Gerd Müller: hukumar ƙwallon Zambiya ta ce Godfrey Chitalu ya ci 107 a 1972, FIFA kuma ta ce ba ta da bayanan da za ta tabbatar da hakan. A nan rashin rubutu ne ya cuci ɗan wasan Afirka, ba rashin gwaninta ba. Kyautar Ballon d'Or ta gwarzon ɗan wasan shekara, wadda mujallar France Football ta fara bayarwa a 1956, ita ma ba ta raba gardama, domin har zuwa 1995 Turawa kaɗai ake bai wa, shekarar da aka buɗe ƙofa George Weah na Laberiya ya lashe. Saboda haka takwas ɗin Messi da biyar ɗin Cristiano Ronaldo ba su da abin da za su faɗa a kan Pelé da Maradona, waɗanda ƙa'ida ba ta ba su damar shiga takarar ba lokacin da suke ganiyarsu.

A ɓangaren ƙungiyoyi, Real Madrid ta Alfredo Di Stéfano ta ɗauki kofin Turai sau biyar a jere daga 1956 zuwa 1960, amma wasa bakwai ya ishe ta ɗaukar na farko, yayin da ta Zinedine Zidane, wadda ta ɗauki uku a jere daga 2016 zuwa 2018, take buga 13 kowace kaka. Hukuncin Bosman na 1995, wanda ya ba 'yan wasan Tarayyar Turai 'yancin sauya sheƙa idan kwantiraginsu ya ƙare, ya taimaka wajen tattara gwanaye a ƙungiyoyi masu kuɗi. Da wuya a sake ganin irin Celtic ta 1967, wadda ta ci kofin Turai da 'yan wasan da duk a kewayen birnin Glasgow aka haife su.

Shi ya sa masu nazari da dama suka fi son auna tazarar da ɗan wasa ya ba sa'o'insa, maimakon jera alƙalumansa da na wani zamani. Ko wannan ma son rai yana shiga, domin gani ya kori ji, mutum yakan fifita wanda ya kalla da idonsa. A shekarar 2000 FIFA ta nemi fitar da gwarzon ƙarni, Maradona ya lashe ƙuri'ar intanet da rata mai yawa, Pelé kuma ya lashe zaɓen da hukumar ta shirya tsakanin jami'anta da masu karanta mujallarta, aka raba kyautar biyu. A bikin da aka yi a birnin Rum, Maradona ya karɓi tasa ya fice daga zauren kafin a miƙa wa Pelé tasa.